Wanda Ya Ji Hayaƙi a Shayina

Shekara shida ina dafa shayi a gonar Ammu, ban taɓa samun wanda ya ce mini komai a kansa ba sai "masha Allah". Ni kuwa na ɗauki wannan masha Allah na rungume, ina ganin duk faɗin Madina babu hannu irin nawa.

Ammu dattijo ne, Bahaushe haifaffen Madina. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya yi shekaru a hanya, ya zo ya zauna bai koma ba. Shi Ammu bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausa na bakinsa, sai dai Larabci ya cinye rabinta. Yana da 'yar gonar dabino a unguwar Awali, kewaye da katanga, da rijiya da ɗaki ɗaya da rumfa. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mukan hallara a can, mu biyar ko shida, mu zauna har mu sallaci isha'i sannan a watse. Akwai wani injiniya ɗan Zariya da ba ya barin magana ta wuce bai yi musu ba, akwai malamin jami'a da ba ya buɗe baki sai an tambaye shi, sai ni da nake aikin haɗa magunguna a wani asibiti. Duk muna ce wa dattijon Ammu, wato baffa. Shi kuma kowa "ya waladi" ne a wurinsa, wato ɗana, har mai furfura a cikinmu.

A wannan majalisa akwai al'ada ɗaya da ba a wasa da ita. Ammu na da wani tsohon barrad, wato butar shayi, da ya gada wurin mahaifinsa. Gindinsa ya yi baƙi ƙirin, hannunsa an ɗaure da waya. Mutum ɗaya ne ke taɓa shi, kuma Ammu ne da kansa yake miƙa wa mutumin. Wanda aka miƙa wa shi ke zama kusa da wuta, a daman dattijo, shi ke zubawa, shi ke sanin wa za a fara ba. Ni aka miƙa wa, tun shekarata ta biyu da zuwa. Ba na dafawa a kan gas. Busassun rassan dabino nake haɗawa su zama garwashi, in ɗora barrad, in bar murfin a ɗan buɗe hayaƙi ya leƙa ciki, in jefa habak, wannan ganye mai ƙamshi da mutanen Madina ke sa wa shayi. A asibiti ni ba kowa ba ne, mutum ne a bayan taga da ake miƙa wa takarda ya miƙo magani. Amma ranar Alhamis sai an jira ni. In na makara, haka za su zauna da busasshen baki.

Ni da kaina na kawo Likita cikinmu, wannan kuwa ba zan ɗora wa kowa ba. Tare muka yi makarantar kwana a Kano, gado sama da ƙasa. Tun can ya fi ni komai, kuma abin haushin bai san ya fi ni ba. Ya tafi Birtaniya ya yi shekaru, ya zama likitan tiyata, sannan kwatsam na gan shi a asibitinmu, ya ajiye gemu, ya yi sanyi. Muka rungume juna a tsakiyar baranda muna "mutumina, mutumina". Na ji daɗi har zuciyata. Na ce masa Alhamis kada ya yi alƙawari da kowa, zan kai shi inda zai sha shayin da Turawa ba su taɓa ba shi ba.

Ranar Alhamis da muka je, na zuba masa finjali na biyu, bayan na Ammu. Kowa da ya karɓa hurawa yake yi ya kurɓa ya ci gaba da zancensa. Shi kuwa sai ya ɗaga finjalin ya dubi launinsa ta hasken yamma. Ya kawo shi ƙarƙashin hancinsa, bakinsa a ɗan buɗe, ya shaƙa a hankali, ya janye, ya sake kawowa. Ya kurɓi ɗan kaɗan ya riƙe a baki, ya lumshe ido. Ya daɗe kafin ya haɗiye. Na ga fuskarsa ta canza, har na ɗauka harshe ya ƙone.

"Akwai hayaƙi a ciki," in ji shi. "Ba na gawayin kasuwa ba ne. Wannan ya fi laushi, yana da ɗan zaƙi. Itacen dabino ne?"

Ammu ya dafa gwiwa ya miƙe zaune. "Masha Allah! Wa ya faɗa maka, ya waladi?"

"Shayin ne ya faɗa mini, Ammu. Ruwan ma ba na famfo ba ne, akwai ɗan gishiri-gishiri a ƙarshensa."

"Na bir ne wallahi, na rijiyata!"

A wannan lokacin na ji kaina ya kumbura. Ga wanda ya gane aikina. Sai ya juyo ya ce mini, da murmushi, "Mutumina, ganyen ya ɗan jima a wuta. Ɗacin ya taka ƙamshin. Ba ni ruwa." Ya tsoma cokali a kofin ruwa, ya ɗiga ɗigo uku a finjalinsa, ya juya shi, ya miƙa wa Ammu ya ce ya shinshina yanzu. Ammu ya shinshina ya ce, "La ilaha illallah, habak ɗin ya fito!" Aka shiga zagayawa da cokali. Injiniya, wanda ko ruwan zafi ka ba shi da sukari zai shanye, ya rufe ido yana kaɗa kai wai shi ma ya ji. Ni na yi dariya tare da su, amma dariyar a haƙori ta tsaya. Mutum ya zo yau, ya zuba wa shayina ruwa a gaban jama'a, ana sa masa albarka.

Daga ranar majalisa ta zama makaranta. Likita ya koya musu kada a haɗiye da wuri. Ya koya musu a fara da hanci. Aka wuce shayi aka koma kan dabino, Ammu ya riƙa tsinko iri-iri yana ɓoyewa a tafin hannu, Likita ya rufe ido ya ɗanɗana ya faɗi wanne ne, wane gefen gona ya fi samun ruwa. Malamin jami'ar nan da ba ya magana ya fara kawo zuma daga Yaman don a gwada shi. Ga Likita kuma da murya, ranar da aka tura shi ya ja mu magariba kowa ya yi tsit, daga nan limancin ma ya zama nasa. Ina zaune a bakin wuta hayaƙi na shiga idona, su kuma duk sun juya masa fuska. Sai in miƙa finjali, a karɓa ba a dube ni ba, a jira a ji abin da Likita zai ce a kai.

Kishi ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Nakan koma gida a unguwar Harra ta Gabas ina tuƙi ina tsaki ni kaɗai. Maiɗakina ta taɓa tambayata ko an yi faɗa ne a gona, na ce mata babu komai, hayaƙi ne ya sa mini ciwon kai. Har gwadawa na yi a ɓoye. Na shiga kicin na rufe ƙofa, na zuba shayi na shinshina, na riƙe a baki na lumshe ido, ina jiran wani abu ya zo mini. Shayi na ji, mai zafi, da sukari. Na zubar da sauran a wurin wanke-wanke.

Wata Alhamis motarsa na wurin gyara, kuma yana da aiki da dare, sai na ce bari in sauke shi bayan magariba. Muna tafe a 'yar siririyar hanyar nan ta tsakanin katangun gonaki na ce masa, cikin raha amma da ƙaya a ciki, "Wai kai mutumina, a ina ka koyi wannan iyayin? A makaranta dai na san garin kwaki da ruwan sanyi muke sha, ba ka taɓa rufe ido ba."

Bai yi dariya ba. Muka fito babban titi. Sannan ya ce, "Zan faɗa maka, don kai ne. Amma amana ce."

Ya ce shekarunsa na farko a can, a Scotland ya yi aiki, arewacin Birtaniya, a wani gari na bakin teku. Ranar da ya ci wata babbar jarrabawa ta tiyata, abokan aikinsa huɗu suka ce sai sun fita da shi. Suka kai shi wata 'yar mashaya mai ƙaramar ƙofa, ana ruwan sama, an hura wuta a ciki. Lokacin, in ji shi, salla ma sai ya tuna yake yi. Babban likitan da ya koya masa aiki, wani tsohon Bature da yake ƙaunarsa kamar ɗa, ya sa aka jera wa kowa ƙananan kofuna biyar masu tsukakken baki. Wuski ne, amma ba irin wanda ake kwankwaɗa don a bugu ba. Kowanne na masana'anta ɗaya ne, daga tsiron sha'ir zalla, ba a gauraya shi da na kowa ba, ya yi shekaru a cikin ganga.

"A yankinsu akwai wata baƙar ƙasa a fadama," in ji shi. "Ciyawa ce da ta ruɓe ta danne tun kaka da kakanni. Su yanka ta kamar tubali, su shanya, su ƙona ta a ƙarƙashin tsiron sha'ir don ya bushe. Hayaƙin ya shige hatsin, ya bi shi har cikin kwalba. Kofi na ƙarshe irin wannan ne."

Na ce, "Ka sha?"

"Na sha. Tsohon ya nuna mini yadda zan fara da hanci, baki a buɗe. Da na kurɓa na ɗauka wasa suke mini. Ka san bangon kicin ɗin makarantarmu, inda hayaƙin itace ya yi baƙi? Kamar shi na lasa. Sai ya ce in riƙe, kada in haɗiye. Can sai ga warin aidin, irin na ɗakin tiyata, da na sabon bandeji. Sai gishirin teku. Sai wani abu kamar kifi banda. Ya ɗiga mini ruwa ɗigo uku, sai zaƙi ya taso daga ƙasa, kamar na dabino busasshe. Na haɗiye, hayaƙin ya zauna a ƙirjina har muka fito. Suna ta dariya suna buga mini kafaɗa, wai a cikinsu duka ni na fi harshe."

Ya ce bayan wannan yammacin ya koma, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kusan shekara biyu. Rasuwar mahaifiyarsa ce ta dawo da shi hayyacinsa. Ya tuba, ya bari, shekara goma sha ɗaya ke nan ko ɗigo. Matarsa ma ba ta sani ba, don daga baya ya aure ta. Ya nemi aiki a Madina ne don yana son garin da ko ransa ya raya masa ba zai ga giya ba.

"Abin da ke ba ni tsoro," in ji shi, "ba shan da na yi ba ne, wannan na bar wa Allah. Harshena ne ya ƙi mantawa. Ranar da ka fara ba ni shayinka, da hayaƙin nan ya taɓa ni, sai da na ga wutar mashayar nan da fuskar tsohon. Na kusa yin kuka a gaban Ammu. Sai kuma na ce alhamdu lillahi, ashe akwai hayaƙi na halal. Shayinka ya taimake ni, mutumina, ba ka sani ba."

Na sauke shi a ƙofar asibiti, na ce masa Allah ya karɓi tuba, ya ƙara rufa mana asiri. Da gaske na faɗa. Amma in zan faɗi gaskiya duka, a hanyar gida wani abu ya fi tausayi ƙarfi a raina. Har zunubin nasa na yi wa ƙyashi. Shi ya je ya ga teku da ruwan sama, manya sun buga masa kafaɗa, ya faɗi ya tashi, yana da abin tuba mai labari. Ni tun da aka haife ni a kan layi nake, daga makaranta sai bayan taga, ban taɓa yin wani abin da za a rage murya a ba da labarinsa ba. Kuma can ƙasa na ji wani ɗan sanyi marar kyau, yanzu ina riƙe da wani abu nasa.

Wata biyu na riƙe. Ban faɗa wa kowa ba, har maiɗakina.

Sai ga Alhamis ɗin da ya zo da gwangwani. Wani abokinsa ne ya aiko masa daga waje, ganyen shayi na ƙasar Sin da ake busarwa a kan hayaƙin itace. Da ya buɗe murfin, duk rumfar ta ɗauki ƙamshin kamar an yi gobara a nesa. Kowa ya miƙo hanci. Na kai hannu zan karɓa in zuba a barrad kamar yadda na saba, sai ya ce wannan ba a tafasa shi, ruwan ake saukewa ya ɗan huce sannan a zuba ganyen, kuma ba ya son habak. Bai faɗa da raini ba. Da ya faɗa da raini ma da ya fi mini sauƙi.

Ammu ya dube ni, ya dubi Likita. Ya miƙo hannu ya ɗauki barrad daga gabana, ya ajiye shi a gaban Likita. "Yau kai za ka yi mana, ya waladi. Ta'al, zo nan kusa da ni." Ya ce da ni, "Matsa masa shwayya."

Na matsa. Shekara shida ina zaune a wurin nan har tabarmar ta san ni, aka ce in matsa kaɗan, na matsa. Na koma kusa da injiniya, hannuwana ba su san abin da za su yi ba. Ina kallon Likita ya riƙe hannun barrad da waya, ya sauke, ya jira, ya zuba. Ya fara ba Ammu. Ya ba ni na biyu, da hannu biyu, yana murmushi. Na kurɓa, kuma wallahi ya yi daɗi, wannan ya ƙara ƙona ni.

Aka yi shiru ana riƙe shayi a baki, ido a rufe, manyan mutane da gemu. Malamin jami'a ya ce shi ya ji kamar kilishi. Ammu ya ce ya tuna masa da tanderun mahaifiyarsa. Injiniya ya buɗe ido ya ce, "Likita, don Allah wai wa ya koya maka wannan abu? Ko a karatun likita ake yi?"

Likita ya buɗe baki zai ba da wata amsa. Na riga shi.

"Wane karatun likita?" na ce, ina dariya. "A mashaya ya koya, a Scotland. Da wuski aka horar da harshen nan, kofi biyar a jere. Ɗigon ruwan nan da kuke ta yi, ai na 'yan giya ne. Ku tambaye shi."

Na faɗe shi ne da muryar wasa, irin ta abokan makaranta, ina jiran wani ya yi dariya in fake a bayansa. Ba wanda ya yi. Injiniya yana riƙe da cokalin ruwa, ya mayar da shi cikin kofi a hankali. Malamin jami'a ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Ana jin injin rijiya na aiki a can ƙarshen gona.

Likita bai dube ni ba. Ya ajiye barrad a gefen wuta, ya gyara masa zama. "Gaskiya ya faɗa," in ji shi. "Na sha, shekarun baya. Na tuba. Shi kaɗai na taɓa faɗa wa."

Wannan "shi kaɗai" ɗin ya fi mari. Na fara cewa ai wasa nake yi, ai abu ne da ya wuce. Ammu ya ɗaga mini hannu.

"Halas. Ya isa." Muryarsa ba ta tashi ba. "Allah ya rufe abu shekara da shekaru, kai ka zo ka buɗe a gonata? A garin Manzo? A kan me, ya waladi? A kan barrad?"

Ashe ya sani. Duk zaman da nake yi ina murmushin dole, dattijon nan yana karanta ni. Na ji kunnuwana sun yi zafi, na ƙura wa garwashi ido.

Ana haka aka kira magariba. Muka yi alwala a bakin rijiya. Da muka tsaya, Likita ya ja da baya ya shiga sahu, can gefe. Ammu ya bar wurinsa, ya je ya kama hannunsa. "Takaddam, Likita. Wuce gaba." Ya ce a'a, Ammu, yau dai wani ya ja. Ammu ya ce, "Wallahi ba mai jan mu sai kai." Ya wuce. Muryar nan da muka sani ta riƙa rawa, a raka'a ta biyu sai da ya tsaya kafin ya ci gaba. Ni ina bayansa daidai, goshina na sauka kusa da dugadugansa. Ban taɓa yin salla mai nauyin wannan ba.

Da aka sallame ya yi wa kowa sallama hannu da hannu, har ni, ya ce yana da aiki. Bai jira isha'i ba.

Alhamis ta gaba bai zo ba. Ta gaba ma haka. Ammu ya kira shi, injiniya ya je har gida, ya karɓe su da fara'a ya ce aiki ne ya yi yawa. Ba wanda ya fitar da maganar daga gonar, wannan na tabbata, mutanen kirki ne. Amma shi ya san duk lokacin da ya ɗaga finjali zuwa hancinsa a gabansu, abin da za su tuna ke nan, ko ba su so ba.

Na same shi a asibiti bayan kwana goma, don kwana goman na yi ina kewaye barandar da yake bi. Na tare shi kusa da ɗakin tiyata, na ce ya yafe mini, na ce kishi ne ya ci ni, ban ɓoye ba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na yafe, Malam. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ya dafa kafaɗata ya wuce. Tun muna 'yan shekara goma sha biyu bai taɓa ce mini Malam ba. Har yau in mun haɗu yana gaishe ni, ya tambayi iyali, kuma na yarda ya yafe ɗin. Malam ɗin ne dai bai sauya ba.

Ni ma na yi niyyar daina zuwa gona, kunya ta hana ni zuwa, ta kuma hana ni ƙin zuwa. Da na je, barrad na nan a wurina na da, a daman Ammu. Ba wanda ya miƙo mini, ajiye shi kawai aka yi. Na zauna na hura wuta. Abin da na yi wa haƙilo ya dawo hannuna, babu mai takara da ni.

Sai Ammu ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin nan. Likita ya bar shi a ranar, bai aiko a ɗauka ba. Ammu ya ajiye a gabana. "Kai ne mai shahi. Yi mana wannan."

Na yi ƙoƙarin tuna yadda ya yi. Na sauke ruwan, amma ban san iya jiran da ake yi ba, ban san yawan ganyen ba, don ranar da ya yi a gabana ba kallon koyo nake masa ba. Na zuba, na miƙa. Ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga finjali zuwa hanci, baki a ɗan buɗe, suka kurɓa suka riƙe. Sun saba, ba su ma san suna yi ba. Ammu ya laluba cokali ya ɗiga ruwa ɗigo uku.

Na kurɓi nawa. Ya yi ɗaci, ko ni da ba ni da harshe na ji wani abu ya ɓaci, amma ban san mene ne ba. Na dubi fuskokinsu ina jira wani ya ce ganyen ya yi yawa, ko ruwan ya yi zafi, ko ya jima. Wani ya faɗa mini ko da zagi ne.

Injiniya ya ajiye finjalinsa. "Masha Allah," in ji shi.

Malamin jami'a ma ya ce masha Allah. Ammu kuwa ya shanye nasa ya kife finjalin a kan tire. A nan ne na gane cewa a duk shekarun da na yi a bakin wutar nan, mutum ɗaya ne ya taɓa ɗanɗana shayina da gaske, ya ji itacen da na zaɓa da ruwan da na ɗebo, har ya ce ya taimake shi. Na kwashe finjalan na tafi bakin rijiya na wanke, na daɗe a can fiye da yadda wankin yake buƙata.